Uwargida, Ɗanki Ya Taɓa Ganin Hasumiyar Gobarau?

Yau na ajiye maganar rigakafi da abincin yaye a gefe, na zo miki da tambaya guda: yaushe rabonki da ki ɗauki yara ku fita daga gari haka kawai don su ga wani abu? Ban da ranar da kika tafi da mai zazzaɓi asibiti, ban da ta'aziyya, ban da daren da aka ce kowa ya tashi ya gudu.

Mu 'yan Ruwan Godiya da kewaye, daga Faskari zuwa Ƙanƙara har Sabuwa, mun san amsar ba sai an faɗa ba. Yaron da ke da shekara goma yau a wannan yanki ya buɗe ido ne ya tarar hanya abar tsoro ce. Yana ganin yadda uwarsa ke riƙe da waya tana ta kiran mahaifinsa har sai ya ce ya sauka lafiya. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duk da Allah ya dawo da su bayan kwana shida, hankalin uwa a nan bai sake kwanciya da maganar yaro ya yi nisa da gida ba. Kuma ba mai ganin laifinmu.

Sai dai akwai abin da wannan zama ke ci a jikin yara wanda ma'aunin zafin jiki ba ya nunawa. A wurin aiki ina ganin yaran da ƙarar babur kawai ke sa su ƙanƙame zanin uwa, da waɗanda suka koma fitsarin kwance bayan sun daina. Ina kuma jin hirarsu. Sun san sunayen dazuzzuka, sun san ƙauyen da aka tasa makon jiya, amma ki tambaye su wane ne Korau, sai su yi zuru. Abin da yaro ya sani game da jiharsa shi ne abin da rediyo ya faɗa da safe, kuma kin san irin labaran da ke fitowa daga wajenmu. Yaro yana bukatar wani abin da zai riƙe game da inda ya fito, wanda in ya faɗe shi a gaban yaran Kano ko na Kaduna zai ɗaga kai.

Kada ki ɗauka ina cewa ki kwashi yara ki hau hanya ranar da aka ce ba ta da kyau. Ga abin da nake so ki duba: kusan kowaccenmu tana shiga birnin Katsina ko ba daɗe ko ba jima. Wata an tura ta asibitin koyarwa, wata biki ya kai ta, wata rakiyar maniyyata, wata ta kai ɗa jarrabawa. Wasunmu ma can suke zaune yanzu a gidan 'yan'uwa tun da aka tashe su. Muna shiga, mu gama abin da ya kai mu, mu juyo, alhali tsakanin tasha da masauki mun wuce wuraren da masu bincike ke tasowa daga ƙasashen waje su zo gani. Rabin yini kawai za ki ƙara a kan tafiyar da dama za ki yi. Kuɗin Keke Napep ne, da na ruwa, da ɗan tukuicin da za ki ba mai kula da wuri.

Ki fara tun daga ƙofa

Darasin farko yana zuwa ne tun kuna cikin mota. Idan direba ya bi ta Ƙanƙara da Dutsinma, ta Ƙofar Ƙwaya za ku shiga gari. Idan kuwa ya zaga ta Funtuwa da Bakori da Malumfashi ya faɗa titin Kano ta Kankiya da Charanci, Ƙofar Ƙaura ce za ta tarbe ku. Zaɓin hanya ki bar wa maigida da direbobin tasha, su suka san wadda ke da lafiya a wannan makon. Naki shi ne ki tsaya a kan kada a tashi sai gari ya waye sosai, kada kuma yamma ta same ku a hanya.

In yaran sun yi barci ki tashe su su ga ƙofar. Ki gaya musu a da birnin nan a kewaye yake da ganuwa ta ƙasa, ba a shiga sai ta ƙofa, kuma da dare rufewa ake yi. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, wato fiye da kilomita 20. Yau mafi yawanta ta zube, gidaje da shaguna sun cinye wurin, sai guntaye nan da can. Ƙofofin ma an sabunta gininsu, amma sunayen na asali ne: Ƙaura, Ƙwaya, 'Yanɗaka, Guga, Sauri, Durɓi, Marusa. Ki sa yara su haddace su kamar karatun allo, kafin ku koma gida kowa ya kawo bakwai ɗin ba tare da tuntuɓe ba. Huɗu daga ciki, Ƙaura da Durɓi da 'Yanɗaka da Marusa, sunayen manyan sarautun Katsina ne da har yau ake naɗawa. Ta Ƙofar 'Yanɗaka kuma aka ce Gwamna Lugga ya shigo da sojojinsa a 1903.

Akwai abin da nake so ki faɗa wa yara a nan, musamman manyan da suka fara gane halin da ake ciki. Mutanen da suka ɗebi ƙasa a kwando suka tayar da katanga mai wannan tsawo, tsoro ne ya sa su. Sun yi zamanin da Katsina ke gwabzawa da Kano, da Gobir, da Kwararrafa, manomi yana gona yana waiwaye, mata suna kwana da kaya a ɗaure. A cikin wannan zamanin ne kuma suka yi kasuwar da fatake ke zuwa daga bayan hamada, suka yi makarantun da za ki nuna musu nan gaba kaɗan. Yaron da ya tashi cikin fargaba yana ɗauka a kansa aka fara. Yana da kyau ya ga da idonsa cewa kakanninsa sun sha irinta, sun kuma bar abin da har yau yake tsaye.

Gobarau

Ki ce wa mai Keke ya kai ku Gobarau, ba wanda bai san ta ba. Tana cikin tsohon gari, a tsakiyar gidajen jama'a. Kada ki sa ran ganin dogon bene irin na Abuja. Tsawonta kamar mita 15 ne, ƙasanta da faɗi, tana tsukewa hawa-hawa zuwa sama. Abin mamakin yana ga abin da aka yi ta da shi da kuma shekarunta. Ƙasa ce zalla, irin wadda kakarki ta yi ɗaki da ita: tubali da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, kwaɓaɓɓiyar laka, sai azara ta itacen giginya wadda gara ba ta iya ci. Tarihin Katsina yana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, sama da shekara 500 ke nan.

A da nan ne masallacin Juma'a na gari, hasumiyar kuma ita ladan ke hawa ya kira salla. Kewaye da masallacin karatu ake yi, karatu mai zurfi, har ɗalibai na zuwa daga nesa. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili, mutumin Tilmisan da ke ƙasar Aljeriya ta yau, ya zauna a Katsina da Kano yana karantarwa, bayansa kuma malamai daga Tambutu sun riƙa yada zango a nan, wasu suka zauna har ƙarshen rayuwarsu. In kuma yaƙi ya taso, a kan wannan hasumiyar dai ake tsayawa a hango ƙurar dawakin abokan gaba tun suna nesa.

Akwai labarin baka da yara ke so. An ce da za a gina masallacin, malaman gari suka kasa daidaitawa a kan inda alƙibla take, kowa na nuna nasa gefen. Sai wani baƙon malami da ake kira Jodoma ya ɗaga sandarsa ya nuna, nan take mutane suka hango Ka'aba ƙuru-ƙuru. Sarki ya ɗaukaka shi, hassada ta shiga tsakani, daga ƙarshe aka sa ya bar gari. Ki ba su shi a matsayin labarin da aka gada daga bakin kakanni. In babbar 'yarki mai yawan tambaya ce ta ce ta yaya za a ga Makka daga Katsina, ki bar ta ta tambaya, ki kuma nuna mata yadda wayarki ke nemo alƙibla yau cikin daƙiƙa guda, abin da ya taɓa raba kan malaman birni guda.

Ki sa su dafa bangon da tafin hannu. Ki tambaye su me ya sa ɗakin ƙasa na kaka ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi a watan bazara. Amsar ita ce katanga mai kauri ta ƙasa tana shan zafin rana a hankali, ba ta sakinsa ciki sai dare ya yi, lokacin da ake bukatarsa. Amma ginin ƙasa kamar jinjiri yake, in aka ɗauke ido daga kansa damina biyu sai ya fara zubewa. Shi ya sa magina ke yi masa yaɓe, su shafe shi da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame. Masallacin Gobarau na asali babu shi yanzu, hasumiyar ce ta rage, ita ma don an yi ta gyara ta ne, har da gyaran da aka yi mata a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Tana da 'yar'uwa a Agadas ta Jamhuriyar Nijar, mai tsawon mita 27, wadda Hukumar UNESCO ta sa tsohon garinta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, kowace shekara gari guda ke fitowa a yi wa babban masallacinsu na ƙasa yaɓe, maza na kwaɓa, mata na ɗebo ruwa, yara na tsere da kwanduna. Mu tamu, ki tambayi matan unguwarku goma, da wuya ki sami biyu da suka taɓa tsayawa a gindinta. Wurin da masu shi ba sa zuwa, ban ga dalilin da wani zai damu ya gyara musu shi ba.

Maganar hawa: in masu kula da wurin sun ba da izini, babba ɗaya ya hau da yaro ɗaya. Matakalar ƙasa ce, a tsuke take. Mai ciki, mai goyo a baya, da yaron da bai kai shekara bakwai ba, su tsaya ƙasa. Na ɗinke goshin yara da yawa a kan abin da bai kai wannan ba.

Gidan Korau, da abin da ya haɗa shi da mu

Daga Gobarau zuwa Ƙofar Soro babu nisa. Nan ne fadar Sarkin Katsina, wadda har yau ake kira Gidan Korau, ga filin Kangiwa a gabanta, ga babban masallacin Juma'a a kusa. Fada wurin zama ce da aiki, don haka ku tsaya daga waje, ku gaida dogarai, kada a ɗaga waya a ɗauki hoton kowa sai an nemi izini. Yara su ga kin yi haka. Ana ce wa Katsina ɗakin kara ne saboda kunya da mutunta mutane, to ga wurin gwadawa.

A nan ne za ki ba su labarin da ya fi shafar mu mutanen kudu. Kafin Korau, gidan Durɓawa ne ke sarauta, na ƙarshensu shi ne Sanau. Labarin baka ya ce Korau ɗan kokawa ne, kuma daga 'Yandoto ya zo. 'Yandoton nan dai da kika sani, ta wajen Tsafe, wadda in kin wuce 'Yankara kin kusa. Tsohon garin malamai ne tun kafin jihadi. An ce a gindin wata tsamiya da ake kira Bawada suka kara, Korau ya ka da Sanau ya kashe shi, ya hau gadon sarauta, kuma shi ake ɗauka sarkin Katsina na farko Musulmi. Takobinsa, Gajere, yana cikin kayan sarautar Katsina har yau. Masu ba da labarin sukan ƙara da cewa matar Sanau ce ta sace masa layunsa ta ba Korau sa'a. Kin dai san halin masu ba da labari, in namiji ya sha ƙasa sai an nemo macen da za a ɗora wa.

Ki duba fuskar ɗanki lokacin da kika ce masa mutumin da wannan gida ke amsa sunansa daga gefenmu ya fito.

Sauran tarihin ki taƙaita musu. A 1807 Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ce ta kafa Maraɗi, shi ya sa har yau ake ce wa sarkin can Sarkin Katsinan Maraɗi. A 1906 Turawa suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, ya yi mulki har 1944. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman. In tafiyarku ta dace da salla a shekarar da aka yi hawa, don wasu shekarun an dakatar saboda tsaro, a wannan fili za su ga hakimai suna jafi, har da namu: Sarkin Yamma na Faskari, Sarkin Pauwa na Ƙanƙara, da Kogo na Sabuwa. Amma ranar hawa ranar cunkoso ce da dawakai, ni ba na son ganin ƙananan yara a cikinta sai daga nesa.

Ajin da Sardauna ya zauna

Wuri na uku shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu aka mayar wurin adana kayan tarihi. An fara karatu a cikinta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, don horar da malaman makaranta na Arewa. Ita ma ginin ƙasa ce. A waɗannan azuzuwa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Nan Abubakar Imam ya yi, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

Ga yaron da makarantarsu ta yi wata da watanni a rufe, ko wanda ke karatu a ajin da ba taga ba benci, wannan wuri yana da magana. Ya tsaya a ƙofar ajin ya ga girmansa, ya ga ba fanka ba lantarki, a ce masa Firayim Ministan Najeriya na farko daga nan ya fito. Ga 'yarki kuwa ki gaya mata gaskiya: ko mace ɗaya ba ta zauna a waɗannan azuzuwa ba, makarantar maza ce zalla. Ita da ke da littafi a hannu yau ta sami abin da ko 'yar sarki ba ta samu a nan ba.

In da sauran lokaci ku biya ta maƙabartar Ɗanmarina ku yi wa mamata addu'a daga inda aka yarda mata su tsaya. Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani manyan malaman Katsina ne na ƙarni na 17, kuma a wannan maƙabarta aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010.

Ga kuma abin da zai riƙe miki su shiru a mota. Akwai wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, da ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. Ya yi suna a ilimin lissafi, ya rubuta littafi a kan yadda ake jera lambobi a cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ki zana musu gida tara a takarda, uku-uku, ki ce su zuba 1 zuwa 9, ba maimaici, kowane layi a tsaye, a kwance da a karkace ya ba da 15. Sirrin, don ke kaɗai: 5 ce a tsakiya.

Jakar tafiya

Yanzu bari in sa farar rigata. Lokacin da ya fi dacewa da wannan yawo shi ne bayan kaka zuwa tsakiyar hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu. Daga Maris zuwa Mayu rana a Katsina ba ta wasa, kuma lokacin sanƙarau ne, ba na son yaro a cikin cunkoso da zafi. Ko a hunturun ma ku fita da hantsi, kafin azahar kun koma inuwa. Ki shafe su da man Vaseline, har leɓe da ƙofar hanci, mai asma kuma abin shaƙarsa ya kasance a jakarki ta hannu, kada a jefa shi cikin kayan da ke but. Mai sikila a ninka masa ruwa, a sa masa rigar sanyi, a tafi da magungunansa, kuma shi ba hawan hasumiya.

Ruwa ki tafi da naki ko ki sayi wanda yake a rufe. Zoɓo da kunun aya na bakin titi masu ƙanƙara, waɗanda ba ki san ruwan da aka yi su da shi ba, su ne ke mayar da yawon rabin yini ya zama kwana uku a gadon asibiti. Ki sa ƙunshin ORS biyu a jaka. In gudawa ta kama yaro, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu masu rabin lita, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya wuni a zubar. In babu ƙunshin, cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kawai, ko da zafi, ke ce za ki ƙara shan ruwa. Yaron da ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko ya yi laushi, a bar yawo a nufi asibiti.

Mai amai a mota kada a cika masa ciki da maiƙo kafin a tashi, a zaunar da shi kusa da taga ya riƙa kallon nesa, a karɓe wayar daga hannunsa. Leda da kayan canji su kasance kusa. Abu ɗaya da nake roƙonki: kada ki ba yaro maganin mura mai sa barci don ya yi shiru a hanya. Na san ana yi, kuma yana da haɗari, musamman ga ƙanana. In za ku kwana, gidan sauro ya bi ku, sauron birni bai san baƙo ba. Sannan ki rubuta sunan kowane yaro da lambar waya biyu a takarda ki sa masa a aljihu, ki nuna masa irin mutumin da zai miƙa wa in kun rabu, ɗan sanda ko mai shago ko uwa mai goyo.

In Allah ya hore kwana biyu

Wadda ta sami sarari, gabas da Katsina hanya ta fi tamu kwanciyar hankali. A ƙaramar hukumar Mani akwai Durɓi ta Kusheyi, tuddan da aka binne sarakunan farko na ƙasar Katsina. An haƙa wasu a 1907, aka sake haƙa wasu a 1992, aka sami kayan ado na zinariya, da na hauren giwa, da tasoshin tagulla da aka yo daga Gabas ta Tsakiya ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Tun ba mota ba jirgi, kayan ƙasashen Larabawa na isowa nan a bayan raƙumi.

Gaba kuma Daura, kamar kilomita 80 daga Katsina, inda rijiyar Kusugu take a cikin ginin da aka kewaye ta da shi. Labarin kin san shi tun kina firamare: macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, baƙo Bayajida da ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, ya kashe macijin, ya auri sarauniya Daurama. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, kafin zuwansa mata ne ke mulkin Daura, ɗaya bayan ɗaya, Daurama ce ta ƙarshensu. Wannan ki tabbata 'yan matanki sun ji shi. Za a ɗebo muku ruwan rijiyar, baƙi kan sha don tarihi. Ke babba ki yi yadda kika ga dama, amma na yara a zuba a gora a kai masauki a tafasa tukuna.

Mu ma nan kudu muna da namu: Maska da ta yi suna a saƙa da rini, Gozaki, tsohuwar Pauwa, Birnin Kogo. Wasunsu a yanzu ba wuraren kai yara ba ne, sai dai a ba su labari kafin Allah ya kawo sauƙi. In akwai tsohuwa a gidanku, daren yau bayan isha ki kunna abin naɗar murya na wayarki, ki sa jikokinta su tambaye ta inda garinku yake kafin ya dawo inda yake yanzu, wa ya haƙa tsohuwar rijiya, ina marina take, ina aka yi ganuwa. Abin da ta faɗa, ki rubuto mana sunan wurin da garin a nan ƙasa, ina so in tattara na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a fitowa ta gaba.